Taku Biyu Gabas

Sunana Ilu, ni ne mai gadin firamaren ƙauyenmu a mazaɓar Zoza. In ka tsayar da kowa a hanya ka tambaye shi wa ke ɗaga tuta ranar ɗaya ga Oktoba, kafin ka rufe baki zai ce maka Baba Ilu. Shekara ashirin da uku ina wannan aiki. Hedimastoci biyar sun zo sun wuce, iska ta yaye kwanon aji uku har sau biyu, amma igiyar tutar nan hannuna kaɗai ta sani.

Na san a wasu garuruwan ranar hutu ce kawai, makaranta a garƙame, awaki na kiwo a fili. Mu a nan ba haka muke yi ba. Tun zamanin hedimasta na farko, Allah ya jiƙansa, ranar samun 'yancin kai yara kan zo da hantsi cikin wankakken kayan makaranta, Dagaci ya zo, Liman ya zo, manoma su ajiye cirar gyaɗa na awa guda. A yi taken ƙasa, a ɗaga tuta, a yi wa Najeriya addu'a, a raba wa yara rake, kowa ya koma gonarsa. Sauran ranakun shekara da sassafe nake ɗaga ta kafin kowa ya iso, ba mai gani sai kajin maƙwabta. Wannan rana ɗaya ce tak duk gari ke zuba min ido.

Kuma ba wasa nake yi da ita ba. Tun ana saura kwana uku nake wanke ta da hannuna, in sa wa farin tsakiyar shuɗin bula kaɗan, in shanya a inuwa don kada rana ta ƙara cinye koren. In goge ta da dutsen guga na gawayi, da tsumma a kai saboda toka, sannan in ninke in sa a akwatin ƙarfe da ganyen darbejiya saboda gara. Matata Barira takan ce, "Malam, da ana kula da zanina rabin yadda ake kula da wannan ƙyallen, da na fi matar Dagaci ado." Ni kuwa in ce mata ai zaninta ba a miƙe masa tsaye.

Ban wuce aji huɗu ba, ban taɓa ganin Abuja ba, iyakata Kano. Amma duk lokacin da kore da fari da koren nan suka buɗe a sama, sai in ji tsikar jikina ta tashi, in ji ni ma wani ne a ƙasar nan. Ba ni da shanu, ba ni da babur, gonata ko kwana biyu ba ta ɗauka a nome ta. Abin da nake da shi ke nan.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta ƙarshe a wurina, don takardar ritaya ta riga ta zo, ƙarshen Disamba zan miƙa makullai. Saboda haka na yi shiri na musamman. Na shiga mota har Karaye na ba tela farin yadi, na sayo koriyar hula. A hanyar dawowa na biya ta Tudun Kaya wurin 'yata Sa'adiya, na ce lallai ta zo da wayar nan tata mai ɗaukar hoto ta ɗauke ni, jikokina su gani ko bayan raina.

Ana saura kwana biyar, hedimastanmu Malam Abdulsalami ya aiko a kira ni ofis. Yaro ne a kaina, sa'an Sa'adiya, amma yana da ladabi. Ina shiga ya miƙe ya ba ni kujera, nan na san akwai magana.

"Baba Ilu, an tashi lafiya? Ya ƙoƙari? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, Malam, alhamdu lillahi. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Ya yi ta juya biro a hannu, ya kalli kalanda, ya kalli taga. Can ya ce, "Wata alfarma aka nema a wurina, ni kuma na kasa cewa a'a. Alhaji Mijinyawa ya zo jiya. Ya ce yana da tuta, yana so bana a ɗaga tasa, kuma shi zai ja igiyar da hannunsa."

Na ce, "Wane Mijinyawan?" Alhali guda ɗaya ne a duk garin.

"Naka mana, Baba."

"Malam, ka dai san bana ce ta ƙarshe a wurina?"

"Na sani wallahi. Ka yi haƙuri. Kai za ka ɗaura masa ita, ka tsaya kusa da shi. Dagaci ma ya amince."

In tsaya kusa da shi! Kai jama'a, ni Ilu, mai shekara ashirin da uku a gindin sandar nan, in koma ɗan riƙe wa wani jela. Na ce, "To, Allah ya sa a yi lafiya," na fita ko ƙofar ban ja ba.

Bari in gaya muku ko wane ne Alhaji Mijinyawa. Taubashina ne, ɗan gwaggona, kwana tara ne tsakanin haihuwata da tasa. Tun muna yara duk abin da na miƙa wa hannu sai in tarar nasa ya riga nawa. Kakarmu shi take ajiye wa ƙanzon tuwo. A makarantar allo shi ya riga ni sauka. Da muka girma, fadamar da ya gada ta yi rake kamar da bakin ƙwarya, ni kuwa tudu mai tsakuwa ya faɗo min. Yana da shanu a hannun Fulanin Beli, yana da gidan siminti katanga ɗaya da makarantarmu, ya je Makka sau biyu, in ya yi dariya haƙorin zinariya sai ya haska maka ido. Ba mugu ba ne, wannan shi ne abin haushin. Da mugu ne da na samu inda zan rataya ƙiyayyata. In ya cire masara sai ya aiko min da buhu, ni kuma in karɓa in yi godiya, in ci tuwon yana min ɗaci.

Abu ɗaya na fi shi a duniya, ranar ɗaya ga Oktoba yana tsaye cikin jama'a ni ina gaba. Yana tsokanata da Janar saboda haka, ni kuma ina ce masa Alhajin rake. To yanzu wannan ɗin ma ya miƙo hannu.

Ba zan ɓoye ba, Allah ya jarrabe shi a farkon shekarar. Ɗansa Mujahid soja ne, aka kashe shi a bakin daga can arewa maso gabas. A can aka binne shi. Alhaji ya je ya dawo bai ce wa kowa uffan ba game da abin da ya gani. Na yi zaman makoki tare da shi, na yi kuka na gaskiya, don yaron a gabana ya tashi. Yana firamare kullum da sassafe sai ya tsallako katanga ya tsaya yana kallona ina ɗaga tuta, har ya gama aji shida bai fasa ba. Amma ranar da na fito daga ofishin Malam, wallahi ko tuna Mujahid ban yi ba. Haƙorin Makka kawai nake gani. Na ce a raina ya je Kano ya sayo tsadaddiyar tuta don ya nuna tawa ta koɗe.

Yanzu ga abin da ba kowa ya sani ba. Sandar tutarmu ba sanda ɗaya ba ce, bututun tsohuwar rijiyar burtsatse ne guda biyu aka haɗa. Mai waldar da ya haɗa su a Rogo ya bar wani ɗan ƙarfe ya fito a mahaɗar, daidai tsakiyar sandar, ni nake kiransa haƙori. In kana jan igiya kana tsaye a gindin sandar, zoben da ke saman tutar yana isa wurin sai ya sarƙe. Ko ƙarfin sa gare ka ba za ta wuce ba, ƙara ja ƙara kamawa. Maganinta sai ka yi taku biyu gabas don igiyar ta rabu da jikin sandar, ka sassauta kamar taƙi ɗaya, sannan ka fizga. Ni na saba har ba na sanin na yi. Masu kallo kuwa sun ɗauka salo ne irin na sojoji.

Tun a hanyar gida shaiɗan ya raɗa min, ni kuma ban yi a'uziyya ba. Na ce bari ya ja. Ta sarƙe masa a gaban Dagaci da duk gari, ya yi ta kokawa da igiya yana gumi cikin babbar riga, yara su yi dariya. A ƙarshe dole a ce ina Baba Ilu. In fito a hankali cikin farin kayana, in yi takuna biyu, kowa ya san akwai abin da rake ba ya saye.

Barira ta lura tun a daren farko da na ture kwanon tuwo. Da na gaya mata abin da Malam Abdulsalami ya ce, sai ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, "To ka faɗa masa zancen haƙorin nan ko?"

"Ina ruwanki da haƙori?"

"Malam, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan bai gama share hawaye ba."

"Ni na aike shi ya shiga aikina? Shanunsa na taɓa cewa zan tatsa?"

"Ƙyashi ne ke cin ka, ba komai ba," in ji ta. "Tun da na aure ka kake auna kanka da Alhaji, har furfura ta cika maka gemu ba ka gaji ba."

Na daka mata tsawa na ce ta bar min ɗaki. Ta kwashe tirenta ta fita. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gaskiya ta faɗa.

Ana gobe biki, bayan la'asar, ina shafa wa duwatsun da suka kewaye sandar farar ƙasa, sai na ji takun Alhaji a bayana.

"Janar! Sannu da aiki. Ana ta shirin fareti?"

Da wata rana ce da na mayar masa da ta fi tasa zafi. Ran nan na ce, "Yauwa," ban ko ɗago ba.

Ya zo ya tsaya a gindin sandar, ya kama igiyar yana murza ta da yatsu. Ya rame, rigar ta yi masa yawa a kafaɗa. Idona ya gani, zuciyata ta ƙi karɓa.

Ya ce, "Ilu, ni ban taɓa ja ba. Akwai wani abu da ya kamata in sani?"

Ga dama Allah ya kawo min har inda nake tsugune. Na tsoma tsumma a farar ƙasa na ce, "Me za ka sani? Ba ka taɓa jan guga a rijiya ba? Ja kawai za ka yi har ta kai."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To, Janar. Allah ya kai mu goben."

Ya saki igiyar ya tafi, yana jan ƙafa kamar wanda ya wuni a gona.

Gari ya waye da ɗan yayyafi, kafin hantsi ya ɗauke, rana ta fito fes. Na yi wanka na sa sabon farin kayana da koriyar hula. Sa'adiya ta iso a kan acaɓa, ta tsuguna ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ka yi kyau kamar ango. Ina zan tsaya?"

Ban gaya mata an karɓe min igiyar ba. Na kai ta gindin darbejiyar da ke fuskantar sandar na ce, "Nan. Ki tabbata sandar duka ta fito, daga ƙasa har sama. Ki kunna tun daga farko, kuma ko me ya faru kada ki kashe." Ina so abin da zai samu Alhaji ya zauna a waya, ba a baki kawai ba.

Fili ya cika. Yara sun yi layi aji-aji, Dagaci a kan kujera da Liman a gefensa, manoma sun taho da ƙasar gyaɗa a ƙafafunsu, mata sun jeru a bakin katanga. Malam Abdulsalami ya yi ɗan jawabi, ya ce bana Alhaji Mijinyawa ne zai ɗaga mana tuta. Na ji an yi ƙus-ƙus, wasu suka waiwayo suna dubana. Na ɗaure fuska na kalli sama.

Alhaji ya fito rungume da wani abu a cikin farin ƙyalle. Ya warware a hankali, ya miƙo min. Ina taɓawa na ji nauyinta. Yadi ne mai kauri, korenta kamar ganyen masara a tsakiyar damina, an yi mata wani irin ninki da ban taɓa gani ba. Tawa da ke cikin akwati, koren ya koma ruwan miyar kuka. Na ji baƙin ciki ya sake taso min sabo. Da na buɗe ta sai na ga ɗan tabon ƙura a gefe ɗaya, na ce a raina ashe ma gwanjo ce.

Zobe biyu gare ni a aljihu, ƙarami da babba. Ƙaramin wani lokaci yakan zille wa haƙorin in iska ta taimaka. Na zaɓi babban. Na ɗaura, na miƙa masa igiyar, na koma gefe taku uku.

Yara suka ɗauki taken ƙasa. Alhaji ya fara ja, hannu bayan hannu, a hankali. Tutar ta tashi, ta wuce kansa, ta wuce tsayin kwanon aji ɗaya, iska ta fara buɗa ta. Ni kuwa haƙorin kawai nake kallo.

Ƙas! Ta tsaya.

Ya ƙara ja sau ɗaya, igiyar ta miƙe tsam, tutar ko motsi. Yaran layin baya suka fara ƙyalƙyala dariya a tsakiyar taken, malamarsu tana zare musu ido. Daga cikin manoma wani ya ce, "Alhaji, a kira mai abin!" Aka sake dariya. Wayyo daɗi! Na ji sanyi ya ratsa ni kamar na sha fura da nono da tsakar rana. Shekara sittin ina jiran rana irin wannan. Na harɗe hannuwa a ƙirji, na kasa riƙe bakina, murmushi ya kufce min har kunne. Ina jira kawai in ji an ce Baba Ilu.

Amma Alhaji bai yi kokawa da igiyar ba. Bai yi gumi ba, bai waiwayo neman taimako ba. Ya naɗe igiyar a ƙugiyar da ke jikin sandar, ya ja da baya, ya ɗaga kai yana kallon tutar har yara suka kai ƙarshen taken. Malam Abdulsalami ya yi min alama da ido in je, har na ɗaga ƙafa, sai Alhaji ya ɗaga hannu.

Ya juya wajen Dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Jama'a, a bar ta a nan tukuna."

Ya gyara murya.

"Wannan tutar ba saye na yi ba. Ita aka lulluɓa a kan makarar Mujahid. Da aka sa shi a makwancinsa, wani babbansu ya ninke ta ya miƙo min da hannu biyu. Wata takwas tana cikin akwatina, ko uwarsa ban nuna wa ba, na kasa. A filin nan yaron ya fara ganin tuta. Shi ne na ce bari ta tsaya masa a rabi a garinsu, ko na minti ɗaya ne, kafin ta hau."

Sai a lokacin na ɗaga kai na ga abin da ke gabana. A rabin sanda take. Ni da kaina sau nawa na sauke tuta zuwa daidai wurin nan in rediyo ta ce ƙasa na zaman makoki, amma kwana biyar ina ƙulla wannan abu bai taɓa faɗo min a rai ba. Tabon ƙurar nan da na yi wa dariya, ƙasar maƙabarta ce. Ban san lokacin da murmushin ya bushe a fuskata ba.

Daga bakin katanga wata mace ta fashe da kuka, uwar Mujahid ce, mata suka riƙe ta. Wanda ya ce a kira mai abin ya sunkuyar da kai. Dagaci ya miƙe tsaye, Liman ya ɗaga hannu, duk fili aka ɗaga. Ya yi wa Mujahid addu'a, ya yi wa duk waɗanda suka kwanta dama suna tsaron ƙasar nan, ya roƙa mana zaman lafiya. Ina cewa amin amma bakina ne kawai ke motsi, kunya ta hana ni jin abin da nake faɗa.

Da aka shafa, Alhaji ya kwance igiyar daga ƙugiya ya ce, "Ilu, zo."

Bai ce Janar ba. Na tako kamar mai tafiya a cikin taɓo. Da na iso ya matso da bakinsa kusa da kunnena, yadda ba mai ji sai ni.

Ya ce, "Taku biyu gabas, a sassauta, a fizga."

Na dube shi baki buɗe.

"Mujahid yana aji biyar ya koya min," in ji shi. "Da igiyar shanyar uwarsa, a tsakar gida. Ya ce haka Baba Ilu ke yi. Ya sa ni na yi ta maimaitawa har sai da na iya."

"To don me ka tambaye ni jiya?" in ji ni.

"So na yi in ji daga bakinka, in samu hanyar gaya maka abin da ke cikin ƙyallen. Ba ka ba ni hanya ba."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Alhaji..."

"Tsaya in gama. Kana ganin kai kaɗai ke jin haushi? Na ba yaron nan fadama, na ba shi shanu, na ce ya zauna ya gaje ni. Ya ce shi soja zai shiga. Na tambaye shi wa ya sa masa wannan a rai, ya ce tun yana kallon ka da sassafe kana ɗaga tuta ba kowa a fili, kuma kana ƙamewa kamar duk duniya na kallo. Duk wayar da zai bugo sai ya ce ya Baba Ilu, tutarsa na nan? Ni na haife shi, kai yake son zama. Shekara goma sha biyar ina ganin ka a gindin sandar nan ina jin kamar in tumɓuke ta. Da ya rasu ma, Allah ya yafe min, wata biyu ba na son ganin fuskarka."

Ya kamo hannuna ya danƙa min igiyar.

"Rabin nawa ne, na yi. Sauran naka ne, kai ka fara masa. Kai ta sama."

Ga abin da na kwana biyar ina nema ya zo hannuna. Duk gari na kallo, Dagaci na tsaye, Sa'adiya ta saita waya, ina cikin farin kayana da koriyar hula. Na yi taku biyu gabas. Na sassauta. Idona ya cika har sandar ta zama biyu, na fizga. Zoben ya tsallake haƙorin, tutar ta tafi sama sumul, iska ta buɗe ta gaba ɗaya. Ban taɓa jan tuta mai nauyin wannan ba. Yara suka yi tafi, Malam Abdulsalami ya ce a ƙara wa Baba Ilu, Dagaci ya kira ni ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya yi albarka. Kowane tafi ji nake kamar mari.

Da aka watse na koma gida na zauna a zaure ban ko cire hula ba. Barira ta ajiye min ruwa ta koma ciki, da ma ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Sai ga Sa'adiya da murnarta, idonta ja saboda kukan da ta sha a fili.

"Baba, zo ka ga kanka. Komai ya fito, ban kashe ba ko sau ɗaya, yadda ka ce."

Ta zauna kusa da ni ta kunna. Ga sandar daga ƙasa har sama. Ga Alhaji yana ja, ga tutar ta tsaya. Na ce ta tsayar a nan. Ta tsayar, ta ƙura wa wayar ido, sai na ga murnar ta bar fuskarta. Ba ta lura ba lokacin da take ɗauka, sai yanzu.

Na ce, "Ana iya yanke wurin nan?"

Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Baba, tun a fili Baba Alhaji ya ce in tura masa. Na tura."

Na yi ritaya a Disamba. Kafin in miƙa makullai na kama sabon mai gadin na koya masa taku biyun har ya iya, na kuma koya wa Malam Abdulsalami. Tutar Mujahid tana cikin akwatina na ƙarfe da ganyen darbejiya, Alhaji ne ya kawo da kansa ya ce ni na san yadda ake ajiye ta. Na je har gida na nemi gafararsa, ya ce ya wuce, ya koma kirana Janar, buhun masararsa bai fasa zuwa ba.

Hoton ne dai bai taɓa yi min zancensa ba. Uwar Mujahid ce ta gaya wa Barira cewa kullum in Alhaji ya dawo daga masallaci da safe sai ya zauna a bakin gado ya kalla daga farko har ƙarshe. Na san abin da yake gani. Tutar ɗansa a rabin sanda, shi a ƙarƙashinta ya ɗaga kai, ni kuma a gefe cikin sabon farin kaya, na harɗe hannuwa, duk haƙorana a waje.